Maganin Baba a Cikin Kwali

Asabar, da hantsi

Na samo! Tun da likitar gashin ƙashi ta ce lallai a nema wa Baba abin da zai riƙa tsinta da yatsun hannun dama nake zagayen shaguna. Ita wake ta ce, a zuba a kwano ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana mayarwa wani kwanon. Baba ya dube ta ya ce shi ba kaza ba ne. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gyaran agogo, yana ɗaukar ƙusar da ni mai lafiyayyen ido ba na iya gani, a ce ya zauna tsintar wake? Ni ma na goyi bayansa, a zuci dai.

Jiya bayan an tashi daga makaranta na leƙa shagon da muke sayen alli da littattafan yara, sai ga shi can saman kanta. Wasan haɗa hoto ne, wanda ake yayyanka hoto a zuba a kwali a ce ka mayar da shi yadda yake. Akwai irinsa a ajina, amma na 'yan shekara huɗu ne, agwagwa ɗaya, guntu goma sha biyu. Wannan guntu dubu ne! Hoton tashar jiragen ruwa, ga ƙananan jirage ja da rawaya da kore, ga gidaje a kan tudu, ga ruwa ga sama. Rungume da shi na shigo gida bakina har kunne.

Baba ya kalli kwalin, ya kalle ni, ya ce, "Malama, aji nawa kika sa ni?" Maganarsa tana fita a hankali har yanzu, amma tsokanar tana nan daram. Wannan kaɗai ya biya ni wahalata.

Asabar, bayan la'asar

Yaya ya zo da falankin katako mai faɗi, muka ɗora a kan teburin falo, na juye kwalin. Tsibi guda! Umma ta leƙo daga kicin ta ce wanda ya zubar shi zai kwashe, ita ba ta share wa babba wasansa.

Baba ne ya tsara aikin. Ya ce a fara ware masu miƙaƙƙen gefe a yi wa hoton gida, don ko agogo sai an sami gidansa ake zuba masa kayan ciki. Muka ja kujerarsa kusa da taga. Umma ta rufe masa hannun dama da ɗan tawul saboda fanka, wai kada sanyi ya shige shi, ni kuma na zauna ta wannan ɓangaren don in tare masa iska. Yana nunawa, muna ɗauka. Kafin magariba mun haɗa kusurwa uku. Ta huɗun ta ɓata, muka yi ta nema, ashe Yaya ne ya zauna a kai.

Baba ya yi dariya. Tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ban ji ta ba.

Litinin, yara sun fita tara

Umma ta faɗa! Matar da ta ce ba ruwanta, jiya ta zo ajiye wa Baba shayi, ta tsaya a kanmu, ta ce wancan jan ai na jirgin tsakiya ne, makafi ne ku? Ta ɗauka ta danna, ya shige ƙyas. Ba ta koma kicin ba sai da ƙaurin shinkafa ya zo ya kira ta da kansa.

Yanzu duk farantan gidan sun koma falo. Ja a faranti ɗaya, rawaya a ɗaya, kore a murfin tukunya. Shuɗi ne ya zama fitina, don Umma ta ce shuɗin ruwa daban, shuɗin sama daban, Yaya ya ce duk uwarsu ɗaya. Farantan suna jere ta hagun Baba, nan ne akwai fili. Da safe da burodi a leda muka karya, babu abin zubawa.

Ina nan a aji amma hankalina yana kan jirgin rawaya. Ɗazu wata yarinya ta kawo mini agwagwarta ta haɗa, na ji har ina kishinta.

Laraba, da yamma

Gidan hoton ya rufu ta ko'ina! Baba ya ce aikin ba laifi.

Alhamis, da yamma

Mai Rediyo ya zo dubiya, maƙwabcin Baba na shago, wanda suka yi shekaru suna faɗa a kan wa yake tare wa wani rana. Da Umma ta ji sallamarsa sai ta yi sauri ta gyara tawul ɗin. Ya zauna yana ba da labarin layinsu, wane ya tashi, wane ya yi fenti, sannan ya ce mutane suna ta zuwa tambayar agogunansu, shi kuma yana ce musu maigidan ya kusa fitowa. Ya juya ya ce, "Ko ba haka ba?"

Baba ya ce sai an tambayi Manaja. Haka yake kiran hannun yanzu, wai yana zaune ana masa aiki. Muka yi dariya duka. Ni kuwa na tashi na ce zan duba ruwan zafi.

Da na dawo Mai Rediyo ya sa tabarau, ya haɗa tutar wani jirgi, yana cewa a ba shi faranti. Sai da matarsa ta bugo waya sau biyu ya tafi.

Asabar, da hantsi

Mun yi faɗa da Yaya a ƙofar gida, a hankali don kada a ji. Ya ce a karɓi mabuɗin shago a mayar wa mutane agogunansu, kada a riƙe kayan jama'a. Na ce wa zai karɓa, shi? Ya ce in daina yaudarar kaina. Na ce shi ya daina binne mutum yana numfashi. Ban so na faɗi haka ba. Ya ɗan kaɗa mabuɗin motar aikinsa, daga nan ya shige falo ya zauna a gaban gidajen kan tudu, don su ne rabonsa.

Haka muka yini, ba ya kallona ba na kallonsa, amma duk tagar gida da na tsinta sai in tura masa, shi kuma ya turo mini igiyar jirgi. Da la'asar ya ce, "Auta, miƙo mini wancan rufin," shi ke nan faɗa ya ƙare.

Abin nan yana da daɗi, wallahi. Ba ka tunanin komai. Sai guntu, sai gurbi, sai ƙyas.

Litinin, da yamma

Jirgin ja ya haɗu! Umma ta ɗauke shi hoto ta tura wa ƙannenta, wai aikin hannunta. Baba bai ci abincin rana sosai ba.

Laraba, da sassafe

Na kama Umma. Na fito zan yi wanka na same ta a falo da tsintsiya a hannu ɗaya, guntu a ɗaya. Ta ce shara take yi. Na ce sannu da shara. Ta ce in rufe mata baki in zo in duba ko wannan na jikin gada ne. Na makara zuwa makaranta, shugabarmu ta bi ni da ido har aji.

Alhamis, bayan la'asar

Yau Baba ya yi barci a kujera muna tsakar aiki, ba mu ma lura ba sai da kansa ya langaɓe. Da yana nuna mana da baki, ga wancan, juya shi, ba nan ba. Kwanan nan ya rage. Ina jin mun ƙware ne, ba ma buƙatar nuni. Wani lokaci in ya miƙo hannun hagu zai ɗauki guntu, kafin ya kai wani cikinmu ya riga shi, don mun san inda za shi. Sauri muke yi masa.

Yaya ya ce da ba mu taru ba da har yanzu ana gefe, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Umma ta harare shi. Baba dai idonsa a rufe yake.

Asabar, da yamma

Ɓangaren ruwa ya ƙare! Jirage duka, gada, gidaje, har ɗan karen da ke bakin gada da muka yi kwanaki muna neman wutsiyarsa. Saura sama kawai. Ranar Talata za mu koma wurin Likita, na ƙosa in nuna mata. Na ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Ita da ta ce wake! Bari ta ga abin da gidanmu ya yi.

Litinin, yara sun fita tara

Gobe! Na goge wa Baba rigarsa mai ruwan toka.

Talata, bayan azahar

Ba na son rubutawa.

Talata, da yamma

Bari dai in rubuta, ko zuciyata ta sauka.

Tun kafin mu zauna na miƙa mata waya. Ta duba, ta ce kai, ya yi kyau, wa ya haɗa jirgin ja? Umma ta ce ita. Gidajen fa? Na ce Yaya. Ta gyaɗa kai, ta ajiye wayar, ta ɗage hannun rigar Baba. Ta ba shi 'yar ƙwallon roba ta ce ya matse. Ta sa masa biro a kan tebur ta ce ya ɗauka da babban yatsa da manuni. Ba zan rubuta yadda aka yi ba. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na ga sun fi ƙin buɗuwa a kan wancan zuwan, ita ma ta gani.

Sai ta tambaye shi, a cikin guntayen nan duka, nawa ya sa da wannan hannun.

Baba ya ce, "Likita, ni ɗan kallo ne. Amma an ba ni kujera mai kyau."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce mun sha wa Baba maganinsa mun bar masa kwalba. Ta ce hannu a irin wannan hali yana da lokacinsa, makonnin nan su ne kasuwarsa, in ta watse ba a cika samun yadda ake so ba. Ta ce hannun da aka bari, shi ma bari yake yi. Da Umma ta ambaci tawul, Likita ta ce daga yau a mayar da shi banɗaki inda ya fito.

Mako biyu da wani abu ina tsalle ina rubuta jirgi ya haɗu, jirgi ya haɗu. Ni na sayo, ni na zauna a damansa na tare hannun kamar an sa ni gadi. Garin neman gira. Haushin kaina nake ji, kuma tsoro nake ji.

Laraba, da yamma

Na kafa doka, ba wanda zai ƙara taɓa guntu sai Baba, kuma da dama. Na mayar da farantan damansa. Ya kalli abin da ya rage a ciki, shuɗi, shuɗi, shuɗi, babu jirgi babu tuta, babu abin da ido zai kama. Ya ce mun cinye tsoka mun tara masa ƙashi. Ya ce a kai shi ɗaki.

Alhamis

Bai fito falo ba.

Juma'a, da yamma

Bai fito ba. Yaya ya zo ya tsaya a kan hoton hannuwansa a aljihu, ya tafi. Bai yi maganar mabuɗi ba, amma na san tana bakinsa.

Asabar, da hantsi

Ɗazu Baba ya kira ni ɗaki, ya nuna mini wandonsa na aiki da ke rataye, ya ce mabuɗin shago yana aljihu, in ba Yaya. Na ce ban ji ba. Ya ce, "Malama, kunnenki lafiya lau." Na ce to ban iya ba. Na fito na shiga banɗaki na sake famfo don kada a ji ni.

Asabar, bayan la'asar

Umma! Allah ya bar mana Umma!

Ina ninke kaya na ji wani ƙaras-ƙaras a falo. Na fito na ga ta sa hannu biyu a tsakiyar jirgin ja, jirginta, wanda ta tura wa duniya hotonsa, tana ɓarɓasa shi. Na ce Umma lafiya? Ta gama da shi ta koma kan na rawaya, wato nawa. Sai na gane, na sa hannu muka yi tare. Yaya ya shigo daidai mun kai gidajen kan tudu, ya dafe kai ya ce aikin mako biyu! Umma ta ce ya zo ya rushe da kansa ko ta rushe masa. Ya rushe, yana yi yana ƙunƙuni kamar an ce ya rushe gidan da yake ciki. Karen ma bai tsira ba.

Gefe kawai muka bari da ɗan ruwa. Umma ta zuba ja a faranti, ta ɗauka ta shiga ɗakin Baba. Daga falo muna jin ta. Ta ce masa ga tsokarsa an dawo masa da ita. Ta ce shekara nawa tana jiran ya taso daga shago abinci yana hucewa, saboda wai agogon wani bai tashi ba, ba ta taɓa jin ya ce agogo ya mutu a bar shi ba, sai ya buɗe ya gani. Ta ce ita ta rufe hannun, kunyar idon mutane ta ji, ta yi kuskure. Daga nan muryarta ta canza, muka daina saurare.

Ba ta fito da farantin ba. Ina ganin alama ce mai kyau!

Lahadi, da hantsi

Ya fito! Da kansa ya ce a ja kujera.

Lahadi, da yamma

Ban taɓa sanin zama shiru aiki ne ba sai yau. Baba ya ce duk wanda ya motsa a kore shi, don haka muka jeru a doguwar kujera kamar masu jiran layi. Ya ɗora hannun a kan falanki. Ya zaɓi wani ja, ya tura yatsu, guntun ya zame. Ya sake, ya zame. Ya faɗi ƙasa, na yunƙura, Umma ta damƙe mini zane. Ya bar shi a ƙasan ya zaɓi wani. Gumi yana bin wuyansa. Yaya ya zauna a kan hannuwansa, da gaske, a kansu ya zauna.

Har aka kira magariba bai ɗaga ko ɗaya ba. Ya ce a bar farantin a nan, kada a taɓa.

Litinin, yara sun fita tara

Na zauna da wani yaro da ya kasa haɗa agwagwa, ban taimake shi ba, sai da ya yi kuka sannan ya haɗa. Abokiyar aikina ta ce yau me ya same ni.

Talata, da yamma

Ya ɗaga ɗaya, ya kai kamar tsayin yatsa, ya faɗi. Umma ta shige kicin da sauri, wai albasa.

Alhamis, bayan la'asar

Rubutun ma ya karkace don sauri, oho!

Na dawo daga makaranta na same su a falo, Yaya ko rigar aiki bai cire ba. Baba ya tura wani ja har bakin falanki, ya sa babban yatsa ta ƙasa, manuni ta sama, ya kama. Ya kama! Hannun ya tashi yana karkarwa, ya tsallake gefe, ya shiga cikin hoton. Na san guntun, bakin jirgin Umma ne, gurbinsa yana can tsakiya. Hannun ya yi gaba kaɗan, ya tsaya. Ya ƙara yunƙurawa, kafaɗarsa har tana ɗagawa, bai ƙara gaba ba. Sai ya sauke shi nan kusa, a jikin ruwan da muka bari, inda wani gurbi ya buɗe baki. Ya danna da yatsa, ya danna, ya shige da ƙyar, gefe ɗaya a ɗage.

Ja a tsakiyar shuɗi. Ko ɗalibaina ba za su sa shi nan ba.

Ni dai bakina ƙaiƙayi yake, rabi ina son in yi ihu, rabi malamar da ke cikina tana son ta ce ba nan ba ne. Tsoro ma ya ɗan kama ni, na ce ko idon ne kuma ya fara. Ina jin ya gani a fuskata, don ya jingina da kujera yana haki, ya dube ni ta gefen ido.

"Na sani, Malama. Ba wurinsa ba ne, idona lafiya lau." Ya numfasa. "Nan hannun ya kai yau."

Yaya ya tashi ya fita tsakar gida, muna jin yana fyace hanci. Umma ta ce to a bar shi nan, jirgi ai a ruwa yake zama. Na tambayi Baba ko in ɗan gyara masa gefen da ya ɗage, kada fanka ta ture shi.

Ya ce in kashe fankar, in cire hannuna daga kayansa. Wanda ya sa shi, shi zai ɗauke shi gobe ya kai shi gaba.